Sunansa Ba Ya Cikin Takarda

Asta na tsinkar zogale a ƙofar ɗakin girki, a gidansu da ke unguwar Luggere a Jimeta, rediyon Bappayo na ta surutunsa a kan tabarma, sai mai labarai ya faɗi abin da ya sa farantin ya suɓuce daga hannunta. Wai jirgin da ya taso daga Khartoum zuwa Kano injinsa ɗaya ya kama wuta, ya yi saukar dole a Fort-Lamy ta ƙasar Chadi, an kwashi mutane zuwa asibiti.

"Innalillahi! Bappa, jirgin Bakari ne!"

Bakari shi ne wanda za ta aura, ɗan unguwar Limawa, ma'aikacin jirgin sama, irin masu kula da fasinja ɗin nan. An tura shi kwas ƙasar waje wata uku, saura kwana goma sha biyu ɗaurin aure. Shekaranjiya ya bugo talgiram cewa yana tafe a jirgin Laraba ta Khartoum. Yau kuwa Laraba.

Bappayo, ƙanin mahaifinta da ya riƙe ta tun rasuwar uban, ko hula bai tsaya gyarawa ba ya hau keke sai ofishin kamfanin jirgin. Asta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Bai dawo ba sai bayan la'asar, fuskar nan a murtuke.

"Wilson, akawun ofis, ya karɓo sunayen fasinja daga Kano. Mutum saba'in da ɗaya. Sau uku muka bi su da yatsa. Babu Bakari."

Goggo Sabuwa, yayar Bappayo, da ma ba ta taɓa ƙaunar haɗin ba. Ta tafa hannu har da gyara zama.

"Ahaf! Ba na faɗa muku ba? Namijin da ke kwana London ya karya kumallo a Kano, wa ya san mata nawa ya ajiye a hanya? Yana can wajen wata, ya bugo miki ƙarya a waya!"

"Goggo, wallahi yana cikin jirgin nan. Bakari bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Ke dai sakarya ce! An ce miki yana nan lafiya, ke kina neman ki cusa shi cikin wuta. Kin fi son ya ƙone ke nan?"

Maganar ta daki Asta a ƙirji. In ta yarda da takarda, Bakari na nan da ransa, amma maƙaryaci ne. In ta yarda da Bakari, to yana kwance a wani gari da ko Hausa ba lallai su ji ba, ko kuma... ta kasa ƙarasa tunanin. Ta durƙusa a gaban Bappayo.

"Bappa, don Allah a sake tambaya."

"Me za a tambaya? Takarda ce ta Turawa, ba ta mantuwa. Na ba shi kwana uku. In Asabar ta yi babu shi babu dalilinsa, zan mayar wa danginsa da kayan lefensu Limawa. Ba zan ba maƙaryaci 'yar ɗan'uwana ba."

Kwana ukun nan, wayyo, Asta ta ga tashin hankali. Ko kunu ba ta iya sha. Keke ya gifta ƙofar gida, gabanta ya faɗi. Ƙaramin jirgin Kano ya ratsa saman Jimeta, ta toshe kunne. Goggo kuwa har ta fara yabon wani ɗan ƙawarta mai shagon yadi, wai shi ƙafarsa a ƙasa take. Asta kuwa a kowace sujada sai ta ce, "Ya Allah, ka fitar da shi da rai." Ba ta taɓa roƙon a ce ba ya ciki ba, don ta san yana ciki.

Ran Asabar da hantsi, an fito da akwatunan lefe tsakar gida, Goggo na tsaye a kansu, sai ga sallama. Wilson ne, ya yi sharkaf da gumi, da takarda a hannu.

"Baba, ka yi haƙuri, laifina ne. Sunayen fasinja kawai na nema."

"To, da sunayen wa za ka nema?"

"Na ma'aikata! Jirgin ya cika, babu kujera. Mu a aikinmu, in ma'aikaci ba ya bakin aiki kuma yana sauri, yakan roƙi kaftin ya bar shi ya zauna a jamsit, wata 'yar kujera mai naɗewa a bayan matuƙa. Mai zama a kanta ba a sa shi cikin fasinja, a takardar ma'aikata ake rubuta shi. Ga sunansa nan a ƙasa."

Asta ta matso. "Yana da rai? Malam Wilson, ka faɗa mini, yana da rai?"

"Yana da rai, 'yar'uwa. Shi ya buɗe ƙofar gaba, ya yi ta fitar da mutane cikin hayaƙi. Hannuwansa biyu sun ƙone, shi ya sa bai iya rubuto komai ba. Jibi za a kawo shi."

Sai a lokacin kukan da ta danne kwana uku ya ƙwace mata. Bappayo ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce a mayar da akwatunan ɗaki. Goggo da kanta ta ɗauki na farko.

Ba a ɗaga ranar auren ba. Ango ya zo da hannuwa naɗe da bandeji, abokinsa ne ma ya sa masa hula. Da aka kai amarya, Asta ce ta ba shi abinci a baki, tana hawaye yana tsokanarta.

"Da na jira jirgin mako mai zuwa, da na samu kujera mai laushi," ya ce. "Na kasa jira ne."

Bappayo kuwa har ya tsufa yana gaya wa iyaye cewa kada su yanke wa mutum hukunci da rabin bincike. Yakan ce shi da furfurarsa ya kusa raba aure a kan takarda ɗaya, yarinya ƙarama ta fi shi sanin wanda ta amince wa.