Tsamiyar Gidan Mati Direba

Ku matso, a rage fitilar nan. Kun san tsamiyar gidan Mati direba? To, ba da son ransa ta tsiro ba.

Wani saurayin Bature, Kolin, ya ɗauke shi haya zuwa tsohon filin jirgin da ke bayan gari. Kakan yaron matuƙin jirgin yaƙi ne zamanin Hitila. A nan ya sauke jirginsa yana ci da wuta, har Sarkin Ingila ya maƙala masa lambar yabo. Yaron ya zo da ita a aljihu, duk hanya ya ishi Mati da labarin kaka.

Dab da magariba suka isa. Ba kowa sai ciyawa. Sai ga wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka, kamar mai ƙaura. Mati ya duƙa zai gaishe ta, idonsa ya sauka a ƙafarta. Diddigen ne a gaba.

"Ɗan nan, mene ne a aljihun baƙonka?"

"Lambar yabo ce, Iya. Ta wanda ya sauke jirgi."

"Shi ya sauke?"

Ta buɗe tafin hannuwanta. Baƙaƙe ƙirin, har yanzu suna hayaƙi.

"Ni na tare jirgin. Matuƙin ya yi kuka, ya rantse ba za a taɓa tsamiyata ba. Da ya warke, shi ya nuna musu inda za a ƙara tsawon fili, aka sare ta. Tun ranar nake yawo da 'ya'yana a ka."

Ƙullin ya motsa. Ta shinshina iska.

"Wannan jininsa ne?"

Kolin na ta murmushi, bai san dawan garin ba. Tausayi ya kama Mati.

"A'a, Iya. A kasuwa ya saye ta."

Ta daɗe tana kallon Mati. Sannan ta damƙa masa ƙwallon tsamiya, da zafinsa.

"Tunda ka tsaya masa, kai za ka ba mu masauki."

Washegari Mati ya zayyana wa Kolin komai, ya roƙe shi ko gafara ce ya je ya nema. Yaron ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya hau jirgi da lambarsa. Wannan dariyar ta fi komai yi wa Mati ciwo.

Ya jefar da ƙwallon a rafi, ya tsince shi a tsakar gida ya tsiro. Matarsa ta kwashe yara ta bar gidan. Yau ko tabarma ba ya shimfiɗawa a gidansa sai ya nemi izini.

Kada na ji wani ya bi filin nan shi kaɗai. In kuwa aka tambaye ku jinin wane ne, ku faɗi gaskiya.