Bidiyon Zahara'u a Gindin Turmi

Ranar kasuwar Magariya Zahara'u ta kai salularta caji a rumfar Zakariya, da galan ɗin man gyaɗa a ka. Ya kalle ta sau biyu, ya nemi nimeron wayarta. Ta ba shi.

Ita dai ba ta yi lakwal ba, wato boko, ba ta iya karatu ba, kunya kuma ta hana ta faɗa. Da ya rubuto, "Sanyin idona, kin isa Kwaya lafiya?" sai ta ruga wurin ƙawarta Mansura. Mansura ta amsa da Faransanci, ta ɗora mata hoton falon wasu a statu, inda masu nimeronta ke gani, a zuwan gidansu ne.

Wata huɗu ana haka, abin tausayi. Kowace kalmar so sai ta bi ta hannun Mansura. In ya roƙi vokal, wato saƙon murya, a ce waya ta lalace, don kada ya ji bakinta na ƙauye. Ko kewarsa ta dame ta, sai ta jira Mansura ta dawo daga rijiya.

Malam Illa, mahaifin Zakariya, da aka nuna masa falon, ya ce atafau 'yar gayu ba za ta zauna gidan manoma ba. Zakariya ya rubuto yana kuka da hakan. Mansura, da ta fara sonsa a ɓoye, ta amsa masa da "To sai haƙuri," ta ce wa Zahara'u gaisuwa ce kawai.

Kwana tara shiru. Da wata maƙwabciya ta karanta mata saƙon, Zahara'u ta yi kuka har ta gaji. Sai ta jingine waya a gindin turmi, hannu duk tunkuza, ta fara ɗaukar bidiyo.

"Ni ce Zahara'u. Ban iya rubutu ba, falon nan ba namu ba ne. Nan ne gidanmu. Zakariya, ina sonka, da bakina na faɗa."

Ta ɗora a statu. 'Yan matan gari suka yi ta dariya, innarta ta yi faɗa, ita kuwa ta ƙi gogewa.

Zakariya ya kai wa mahaifinsa wayar. Tsohon ya kalla sau uku, ya ce, "Yo wannan ai tamu ce."

Kafin la'asar babur ɗin Zakariya ya tsaya ƙofar gidansu.

"Sanyin idona, wata huɗu ina hira da wata," ya ce. "Yau ke nake so in ji."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, Malam Illa da kansa ya sa albarka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.