Gawar Haris a Cikin Kachala

Da hantsi masunta suka tsinci gawar wani marubuci, Haris, a kwale-kwale, a tsakiyar kachala, ciyawar nan da ta shaƙe kogin Haɗeja. An buge shi a ƙeya. A wuyan hannunsa an ɗaura jan ƙyalle.

Kafin Sufeto Zarami ya baro bakin kogi, labari ya riga shi shiga gari. A makon jiya wata marubuciya, Sakinatu, ta karanta labarinta a rediyo, kuma a cikinsa an tsinci gawa a kwale-kwale cikin kachala. Shi ke nan. Garin da ke da makaranta a kowace unguwa ya yanke hukunci: abin da ta rubuta yana faruwa, mayya ce. Matasa suka taru a ƙofar gidansu da duwatsu da jarkar fetur, manya kuwa suna kallo daga inuwar darbejiya.

Zarami ya girke 'yan sanda biyu a zaure, ya shiga. Ya sami Sakinatu durƙushe bayan buhunan shinkafa.

"Yallaɓai, ƙona mu za su yi? Innata ba ta iya tafiya."

"Amsa mini da sauri. Kin san mamacin?"

"Ƙungiyarmu ta marubuta ɗaya. Mu huɗu ne: ni, shi, Misbahu, da shugabanmu Malam Gwadabe."

"Me ya kai ki rubuta gawa?"

"Na gaji da labarin soyayya. Haris ne ya ce in gwada na bincike."

Dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Ta toshe kunnuwanta.

"Jan ƙyallen da ke labarin naki fa, me yake nufi? An ɗaura masa irinsa."

Ta ɗago a firgice. "Ai babu shi a wanda na karanta a rediyo. Na cire. Duk Asabar a taron ƙungiya kowa yakan karanta sabon rubutunsa da baki, sauran su yi masa gyara. A nan kaɗai na taɓa ambatonsa."

Zarami ya tarar da Misbahu yana gaggawar rufe shagonsa na gyaran waya.

"Ka je taron Asabar?"

"Wallahi ina Kafin Hausa ranar."

"To bari in kai ka gaban masu duwatsun can, ka maimaita."

Misbahu ya zauna daɓas. "Na je, yallaɓai. Tsoro nake ji. Ni ne ma na sa ta cire ƙyallen. Na ce mata wannan kayan labarin aljanu ne, a labarin bincike komai sai da dalili."

"Haris me ya karanta?"

"Shi nasa labarin rayuwa ne, sunaye kawai yake sauyawa. Wani manomi ya fasa jinga a shekarar ambaliya don ruwa ya bar gonar shinkafarsa. Ruwan ya bi ta wani ƙauye, ya ci yara biyu. Haris ya ce a babi na gaba kowa zai gane mutumin."

"Malam Gwadabe ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Haris ne ya fara, ya saurare shi, Sakinatu kuma na gama karatu ya miƙe, wai zai leƙa gona. Kullum haka yake, ba ya tsayawa gyara. Ko rediyon ma ba ya buɗewa idan namu ne."

Zarami ya tura sajensa ya bincika gonar Gwadabe, shi kuma ya koma ƙofar gidan su Sakinatu. Taron ya ninka. Wani ya riga ya kwance murfin jarka.

Gwadabe na zaune cikin dattawa, yana jan carbi.

"Malam, kai ne shugabansu. Me ka sani?"

Gwadabe ya ɗaga murya don a ji. "Na sha yi wa yarinyar nan faɗa, Sufeto. Da kunnena na ji ta a rediyo: kwale-kwale, kachala, jan ƙyalle a hannu. Duk ga shi ya faru."

Zarami ya juya ga taron. "Jama'a, duk kun saurara. Wa ya ji jan ƙyalle a rediyo?"

Mutane suka shiga kallon juna.

"Babu," in ji wata mata daga baya. "Ni na ji shi har ƙarshe. Babu ƙyalle."

Babur ɗin saje ya tsaya. Ya miƙa wa Zarami igiyar korar tsuntsu daga gonar Gwadabe, jajayen ƙyallaye na reto a jikinta, an yage ɗaya.

"Ka ɗaura masa ne don laifi ya hau kan Sakinatu," in ji Zarami. "Da ka zauna an yi gyaran, Malam, da ka san an cire shi."

Carbin ya suɓuce. "Na roƙe shi ya mai da shi tatsuniya," in ji Gwadabe. "Na ce ya sa aljani ya fasa jingar, ba ni ba. Ya ce shi ba ya rubuta aljanu."

Taron ya yi ruri, ya juyo kansa da duwatsun da aka tanadar wa Sakinatu. Babu wanda ya ji kunya. Sai da Zarami ya kare shi da jikinsa har cikin mota, sannan ya sa masa ankwa.

A ciki, Sakinatu ta ji ihun yana nisa, yana bin motar.

"Sun tafi?" in ji Inna.

"Sun tafi, Inna."

Ta ƙara jawo buhu ɗaya, ta tokare ƙofar.