Kwalin da Uba Ya Mayar

Ran da ya fara ganinta, tana riƙe da wani takalmin mata mai tsini, tana dubansa kamar ta tsinci kunama a cikin kaya.

"Malam, kai ka sa wannan a kwali?"

Shi ne kuwa. Aikinsa ke nan a sito: ya cika kwali da kayan agajin da ake kai wa sansanin 'yan gudun hijira, ya liƙe da salatif, ya rubuta abin da ke ciki, ya tura wa masu lodi.

"Laka ce a sansanin har idon sawu," in ji ta. "Wadda za ka aika wa wannan gudu ya kawo ta, ba biki ba."

"Ke ina kika san lakar?"

"Can nake kwana."

Mu maza haka muke: ranar da aka fi kunyata mu, rannan muke kamuwa da so.

Siton rumfar kwano ce mai zafi, kullum tana warin kafur da gumin mutanen da ba a sani ba. Rabin kayan na matattu ne, iyalai sun share ɗaki sun kawo. Sai an laluba kowane aljihu kafin a naɗe. A kan sami ƙwayar magani, ko mabuɗin gidan da ba wanda zai sake buɗewa. Ita a teburin kayan yara take. Tana da surutu, amma in ta ɗauko wandon yaro ɗan shekara biyar ko shida sai ta yi shiru. A hanyar gudu ƙaninta ya rasu, mahaifiyarsu ta bi shi. Saura ita da babanta.

Ta raɗa masa suna Salatif. Shi kuma yana ce mata Sarauniyar Safa.

"Sarauniya, yau na liƙe kwali babu komai a ciki. Laifinki ne."

"Salatif ɗina, ka dinga kallon aikinka. Wani zai buɗe kwalin nan yana sa rai."

Akwai direban babbar mota da ke ta yi mata tayin kujerar gaba. Salatif ya yi kwanaki yana kumbura, har ta rubuto masa: "Mutumin da ke kirana 'ke 'yar gudun hijira' kake kishi da shi? Ka ci abinci don Allah."

Ana haka labari ya zo cewa za a rufe sansanin, a kwashe mutane zuwa wani mai nisa. In ba a yi wani abu ba, motar da ke ɗaukar kwalayensa ita za ta tafi da ita.

Ya ce zai je wurin babanta. Ya shiga kasuwa ya sayo sabon takalmi na fata, don ta taɓa faɗa masa cewa da silifas biyu masu launi daban tsohon yake yawo. Sai dai hannu ya saba. Ya ɗaure igiyoyin takalmin wuri ɗaya yadda ake yi a sito, ya sa a kwali, ya liƙe gicciye, ya rubuta a gefe da baƙin alƙalami: MAZA, 43. Bai ma san ya yi ba.

Tsohon na zaune bakin tanti. Ya amsa gaisuwa, ya dubi kwalin, ya daɗe yana duban rubutun.

"Yaro, layin rabo yana can ƙasa. Ka yi ɓatan hanya."

"Baba, ai ni na zo ne kan maganar..."

"Na sani. Ka ga marainiya ka ji tausayi. Allah ya ba ka lada. Bargo na karɓa, bokiti na karɓa, wandon da ke jikina na wani mamaci ne. Amma 'yata ba za a aure ta sadaka ba. Ɗauki kayanka."

Ko buɗewa bai yi ba.

Washegari teburin kayan yara ba kowa. Ya aika saƙo ya fi a ƙirga, sai da yamma ta amsa: "Har girman ƙafarsa ka rubuta. Ka san sau nawa aka rubuta mu a jikin kwali?"

Ya kai wa mahaifiyarsa ƙara yana neman a tausaya masa. Ta ajiye wankin da take yi ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai dai ubanka ka biyo. Neman aure ka je ko rabon kaya? Wanda ya je nema shi ne mabuƙaci, sakarai. Ka koma hannu biyu, ba ka riƙe da komai."

Ya koma hannu biyu. An fara kwance tantuna, yara na jan buhuna cikin laka. Ya durƙusa a gaban tsohon, lakar ta jiƙa masa gwiwa.

"Baba, ban kawo komai ba. Ɗaki ɗaya gare ni, ko gadon kirki babu. Roƙo na zo. Abin da nake so yana hannunka, kuma babu shi a wurin kowa. In ka hana ni, ban san inda zan sa kaina ba."



"Tun da muka zo nan," in ji tsohon a hankali, "ba wanda ya roƙe ni komai." Ya juya wajen tanti. "Ke, kina son wannan mai kwalin?"

Daga ciki aka ce, "Haka nan dai, Baba."

"To. Ka ce ba ka da gado? Kada ka saya. Kafinta ne ni kafin a mai da ni mai bin layi. Ka aro mini zarto da guduma."

Da katakon da ake ɗora kaya a sito tsohon ya yi gadon, a tsakar sansanin da ake rushewa, mutane na wucewa da ƙunshi a ka suna tsayawa kallo. Aka ɗaura aure ana gobe tafiya, shaidu rabinsu zaune kan kayansu.

Sun roƙi tsohon ya zauna da su, ya ƙi. Ya ce ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar amarya da suruki, kuma can ma za a buƙaci mai kafa ƙusa. Da ya hau motar, ta riƙe gefen ƙarfen tana kuka. Ya sunkuyo ya ɗora hannu a kanta, sannan a kan mijinta.

"Na ba ka, ban ba ka don na rasa ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku gidan da ba za ku gudu ku bar shi ba."

Motar ta tashi. Suka tsaya a cikin lakar, hannunta cikin nasa, har motar ta sha kwana.