Masu Amfani da Tsohuwar Siga

Gab da magariba Manaja ya leƙo ofishin masu rubuta manhaja, ya tarar da Sabuwa ita kaɗai. Haka ake ce mata, don watanta biyu kacal da fara aiki.

"Babbar kwamfutarmu ta cika," in ji shi. "Laburare ɗaya, siga har huɗu! Ki bar ta ƙarshe, ki goge sauran. In na zo gobe na gan su, kada ki dawo."

Laburaren nan tarin umarni ne da manhajojinsu ke ara. Kowace manhaja da sigar da ta saba da ita, shi ya sa ake ajiye su gefe da gefe. Sabuwa ta buɗe manhajar da ke kula da su. Siga biyu suka tafi salin-alin. Da ta zo kan mafi tsufa, allo ya rubuta: akwai mai amfani da wannan.

Ta duba ko wane ne. Wurin sunan fayau.

"Kai, shirme," ta ce. Ta ba da umarnin gogewa ta ƙarfi.

Fankar ofishin ta tsaya.

Wani wari ya taso, irin na naman da ya kwana uku a firjin da ya mutu. Tir! Ta toshe hanci da mayafi. Wani ruwa mai yauƙi, mai ɗumi, ya fara tsattsafowa daga tsakanin maɓallan kibod. Farare-fararen tsutsotsi suka biyo shi.

Ta yunƙura za ta tashi. Wani jiƙaƙƙen hannu ya danne nata.

"Da ita muke aiki," aka raɗa mata a kunne. Numfashin ya fi ruwan ɗoyi.

"Akwai sabuwa," ta ce.

"Ba ta yi mana. Mayar."

Yatsunta na santsi cikin ƙazantar ta rubuta lambar sigar. Ta yi kuskure. Hannun ya ƙara matsewa, ƙashi ya ce ƙas.

Ta sake rubutawa.

Allo ya nuna an mayar. Fanka ta ci gaba da juyawa. A guje ta fita, ta yi ta kwara amai a bakin matakala.

Washegari Manaja ya ga siga biyu. Ta faɗa masa komai, ta nuna masa hannunta a kumbure. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Aljanu ma sun koyi kwamfuta? Goge, ko ki ba ni makullin ofis."

Aikin nan shi ne cinta da shanta, kuma ta daɗe tana nemansa. Ta dubi kibod ɗin. Ta ajiye masa makullin.

Ya ja kujerarta ya zauna, yana naɗe hannun riga, zai goge da kansa.

Tana kan matakala ta uku warin ya iske ta.