Wanda Ya Toshe Forajin Mourtala

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, Mourtala ya koma garkarsa ta bakin korin Telwa, busasshen rafin da ke arewa da Agadas, ya kunna injin foraji, wato rijiyar burtsatse, don ya ba albasa ruwa. Injin ya yi gurnani ya mutu. Da ya ɗaga murfin bututun, ya tarar da shi cike da duwatsu har baki.

Kafin la'asar Ajidan Hassane na jandarmomi ya iso. Mourtala ya tarye shi ko takalmi babu a ƙafarsa.

"Ajidan, dubi albasar nan, yanzu ta fara yin kai. In ta rasa ruwa a wannan zafin ta tafi, kuma duk abin da na mallaka yana cikinta."

Hassane ya duba. Fili ne mai faɗi, kore shar, babu itace ko ɗaya sai kututturan goruba da aka sare. A garaken maƙwabta kuwa dabinai sun saki ganye sun yi fari.

"Da wa ka saɓa?"

Mourtala ya ba da suna biyu: Seydou makanike, wanda ya kora daga aiki, da Lawali makiyayi, wanda ya kewaye wa wurin kiwo da waya. Ajidan ya ciro dutsen da ke sama, ya juya shi a hannu, ya sa aljihu.

Ya sami Seydou a garejinsa cikin gari, hannunsa na dama a ɗaure da karan ɗori.

"Yaushe ka karye?"

"Tun satin da ya wuce. Ko buta ba na iya ɗauka. Kuma ni na dasa injin nan, Ajidan. Da ɓarna nake so, waya ɗaya zan yanke."

Lawali yana kasuwar dabbobi tun safe, dillalai sun shaida ko masallaci tare suka je.

"Inda awakina ke kiwo ya zama albasa," in ji shi. "Rabinsu sun mutu. Yau ragowar nake sayarwa. Me zan je nema can?"

Washegari da hantsi Hassane ya koma, ya bi rijiyoyin maƙwabta yana leƙawa. Duk sun ƙafe. A bakin wadda ke bayan shingen Mourtala, Ajidan ya daɗe a durƙushe.

"Garkar wa ce wannan?"

"Ta kawuna Illiya, yayan mahaifiyata," in ji Mourtala. "Cire shi daga ciki, Ajidan. Shi ya koya mini ban ruwa."

Tsohon yana zaune a gindin wani dabino da ya mutu a tsaye. Hassane ya gaishe shi, ya zauna kusa da shi.

"Baba, jiya ka je Juma'a?"

"Ƙafa ta hana ni."

"Amma ba ta hana ka aiki ba. Ga guduma can, ga ɓarɓashin dutse a bakin rijiyarka."

Hassane ya fito da dutsen daga aljihu.

"Korin nan cike yake da duwatsu, amma wanda ya je ɗebo su da rana sai masu wucewa a hanya sun gan shi. Wannan ba na kori ba ne. Gefe ɗaya da busasshiyar gansakuka, ga kuma gurbin da igiyar guga ta ci shekara da shekaru. Dutsen ginin rijiya ne. Na duba rijiyoyin nan duka, taka kaɗai aka ɓamɓare wa baki, kuma shinge ɗaya ne tsakaninta da forajin."

Mourtala ya dafa shingen. "Kawu, ce masa ba kai ba ne."

"Ni ne."

"Me na yi maka?"

"Kakanka ya haƙa rijiyar nan, raƙumi ɗaya ke jan ruwanta, ta ishi gida uku. Ka zo ka sare gorubar da ke riƙe bakin kori, ka tura ƙarfe ƙarƙashinmu, injinka yana sha daga fitowar rana har faɗuwarta. Dabinan nan da su na aurar da uwarka. Ina zaune ina kallo suna mutuwa."

"Da ka yi mini magana."

"Na yi. Ka ce ni ma in sare su in shuka albasa."

Mourtala ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce masu haƙa sun gaya masa bututun ba zai gyaru ba, sabo kuma sai an zarce wannan zurfi, shi kuwa ba shi da halin haka.

Hassane ya miƙe. "Baba, sai mun je birgadi, ofishinmu."

Tsohon ya dogara sandarsa ya tashi, amma ya nufi rijiya.

"Tun jiya injin bai sha ba. Idona ba ya gani sosai, ɗana. Leƙa mini, ko ta fara tsattsafowa."

Hassane ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ko da yake ya riga ya san abin da ke ciki.

"Babu, Baba. Yashi ne."

"Ko danshi?"

"Ko danshi."

Illiya ya gyaɗa kai, ya bi shi zuwa mota.