Gaisuwar Sagir a Baƙin Allo

Ku matso kusa. Ke Nana, kife wayar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Barira ƙawata ce, tare muka yi karatun kwamfuta a Zariya, kuma daga bakinta na ji.

Mijinta Sagir shi ya rubuta wa wata ƙungiyar manoman rani manhajar da ke raba musu ruwa. Da Lisp ya rubuta ta, wani tsohon harshen kwamfuta. Masu wannan harshe suna da wata ɗabi'a. Ba sa tsayar da manhaja in za su yi gyara. Tana cikin aiki za su shiga baƙin allon nan da ake rubuta umarni, su gyara ta da ranta. Sagir kuwa ya fi kowa. Ya gyara, ya ce zai kwafe a fayil, ya manta.

Cikin abin da ya cusa wa manhajar har da tsokana. Barira ma a ofishin ƙungiyar take aiki. Duk safiya in ta zauna gaban kwamfutar, sai allon ya rubuto mata magana irin tasa. Yau ya tambaye ta ko ta karya, gobe ya ce ɗaurin ɗankwalinta ya karkace.

Sai mota ta kife da shi a hanyar Funtuwa.

Barira ta shiga takaba. Kwamfutar kuwa tana can a ofis kan sola, ba wanda ya kashe ta. Ranar da ta koma aiki, tana zama allon ya rubuto: "Uwargida, kin makara." Ta ce mini nan ta kifa kai a tebur ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ba a jima ba ƙungiyar ta ce za a tashi daga ginin. Washegari da safe za a cire komai. In an kashe kwamfutar, duk abin da Sagir bai sa a fayil ba ya tafi ke nan.

Ta zauna ita kaɗai bayan isha'i. Ta buɗe wani allon, ta ba da umarnin harhaɗa fayilolin su zama manhaja guda. Ta harhaɗu lafiya. Tana raba ruwa daidai. Amma ba ta gaisuwa. Ta sake, ta sake, shiru.

Akwai umarni ɗaya da ya rage, wanda ke kwashe duk abin da ke cikin manhaja mai rai ya zuba a fayil. Sai dai yana gamawa manhajar ta mutu. In kwafin ya lalace, an yi biyu babu. Kwamfutar kuma ta tsufa, ta sha lalata fayil. Hannun Barira ya ƙi zuwa.

Sai ta ji ƙamshin turaren wuta.

Wani dattijo na tsaye a bayanta, da farar riga. Ƙofa a kulle take, ita ta kulle da hannunta. Ya yi sallama. Bakinsa ya gama motsi tukun, sannan muryar ta iso.

"'Yata, matsa in gani."

Ta matsa. Ta ce mini tsoro bai zo mata ba a lokacin, baƙin ciki ya cika wurin. Ya ɗora yatsu a kan maɓallan. Ba ta ji ƙarar ko ɗaya ba, amma rubutu na ta gudu. Allon Sagir ya ɗauke. Sabon fayil ya bayyana.

"Yana ciki," in ji dattijon. "Amma sau ɗaya zai buɗe. Ki adana shi sai ranar da kika rasa yadda za ki yi."

Ta ji shi sarai, wallahi ta ji. To amma duk wanda ya koyi aikinmu, abu na farko da ake dasa masa shi ne in ka harhaɗa, ka gwada. Mun yi shi har ya zama kamar ƙiftawar ido. Kafin maganar ta sauka a zuciyarta, yatsunta sun rubuta sunan fayil ɗin sun danna.

Allon ya rubuto: "Barira, kin rame. Wa ke kula mini da ke?"

Sagir bai taɓa rubuta wannan ba. Ba ta rame ba sai bayansa.

Ta juya a gigice don ta roƙi dattijon ya tsayar da abin. Yana tafiya wajen ƙofa. Fuskarsa na kallon ƙofar, yatsun ƙafarsa na kallonta. Ta runtse ido ta kama a'uziyya. Da ta buɗe, ba kowa.

Ta waiwayo allon da amsarta a baki. Rubutun ya goge. Fayil ɗin na nan da sunansa, amma ba komai a cikinsa.

Maigadi ne ya same ta da asuba, tana ta rubuta amsar a allo, kwamfutar na ce mata ba ta gane umarnin ba.

Na je dubiya bayan kwana biyu. Ban tambaye ta labarin aljanin ba, ita ma ba shi ne ya dame ta ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ya tambaye ni, Asabe. Tambaya ɗaya ya yi mini, na juya masa baya."

Manoma na samun ruwansu har yau. Barira ta bar aikin, tana koyarwa a wata firamare.

Don haka ku masu son kwamfuta, in zuciyarku na ciwo kada ku kwana gaban baƙin allo ku kaɗai. Ku tafi da wanda zai riƙe muku hannu. Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta, ku sa Barira a ciki.